Cikin Yaya

A Komah, unguwarmu ta Sokode, ba a tambayar mace ko tana da ciki. Ana gani a kau da kai, a ƙara mata nama a miya, shi ke nan. Wadda ta buɗe baki ta ce "wata nawa ne?" ita za a zarga in wani abu ya faru. Da wannan tarbiyya aka rene mu ni da yayata, kuma ban taɓa ganin aibunta ba sai shekarar da cikin Yaya ya fito.

Mu biyu Inna ta bari. Ta rasu ina ƙarama, don haka Yaya ce ta goya ni, ita ke mini kitso, ita ke raka ni lakol, ranar da malami ya dake ni kuwa har aji ta bi shi ta wanke shi tas da Kotokolinci. Ita allo ta yi, Faransancinta bai wuce na auna yadi ba, domin atamfa take sayarwa a cikin gida. Ta auri wani mahauci mai sanyin hali, muna ce masa Alhaji, suka haura shekara ashirin ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ni aure ya kai ni Dapango, can arewa, inda nake koyarwa a firamare, na yi ta haihuwa a jere kamar da gayya. Kowane suna Yaya ce kan gaba, ita ce da tukunya, ita ce da rabon goro. In ta ɗauki jaririn takan ce, "Auta, ke ko kunyar idona ba kya ji?" Mu yi dariya, ni da sanin dariyar ba ta kai mata zuci ba.

Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke zaune kusa da gidan Yaya, ita ta kira ni a waya wata rana da hantsi. Ta rage murya ta ce, "Yayarki fa ta fara nauyi. Ki riƙe bakinki." Na zauna a bakin barandar aji na yi kuka, yara suna leƙe na ta taga. Na daɗe ban yi farin ciki irin na ranar ba.

Da babbar sallah na je Sokode na gan ta da idona. Cikin ya fito sosai, ya yi tsini a gaban zane. Amma hannuwanta sun tsotse, awarwaron da a da sai an sa sabulu yake fita yanzu yana zarya har gwiwar hannu. Aka kawo sakwara da miyar nama, abin da ta fi so a duniya, ta yi loma biyu ta ture kwanon wai ta ƙoshi. Kafin mu gama hira ta zagaya bayan gida ya fi a ƙirga. Na ga masu ciki iri iri, ni ma na yi, akwai wani cika da fuskar mai ciki takan yi ko da laulayi ya wahalar da ita. Fuskar Yaya ramewa take yi.

Da muka keɓe na ce, "Yaya, kin je awo?"

Ta dubi ƙofa kafin ta dube ni. "Auta, bakinki."

"Tambaya na yi."

"Shekara nawa ina yawon lopital? Su kwantar da ni, su taɓa nan, su taɓa can, su ce madam ba mu ga komai ba. Yanzu da Allah ya ba ni da kansa zan kai musu su zuba masa ido? Yana motsi, ina jin sa. Ki bar ni."

Na bar ta. Jinin al'adarta ya ɗauke, ciki ya taso, ta ce yana motsi, wa zai yi musu? Na koma Dapango, na kasa gaya wa ko maigidana abin da na gani.

Damina ta wuce, aka yi girbi, watannin da mu duka muke ƙirgawa a ɓoye suka cika suka gota, shiru. Na kira Gwaggo. Ko a jikinta. Ta ce, "Kwanciya ya yi. Ba ki taɓa jin kwantaccen ciki ba? Yakan shekara biyu yana barci, in lokacinsa ya yi ya tashi. Na karɓo mata jiƙo a wajen wata mata a Langabu, za a tashe shi."

Zuciya ta ɗebe ni, na ce, "Gwaggo, ɗan mutum ne ko doya a rumbu?" Ta kashe wayar. Ina da wannan halin, bakina yakan riga hankalina, gidanmu kowa ya sani. Amma da na huce na gane da faɗa ba zan raba Yaya da Komah ba, sai dai da al'adar Komah ɗin kanta. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Inna ba ta, Baba ba shi. Na sake kiran Gwaggo na ba ta haƙuri, na ce ni ce abin da ya rage wa Yaya na ɗakinsu, a ba ni ita ta zo goyon ciki wajena. Gwaggo ta ce maganata tana kan hanya. Yaya kuwa dariya ta yi a waya, ta ce, "Yau ƙanwa ta zama uwa. To ki tanadi itacen wanka."

Na je Sokode na ɗauko ta, tafiyar ta ba ni tsoro. Tun kafin Kara ta fara neman iska, ta kasa jingina, ta kasa miƙewa. A hawan duwatsu ta riƙe hannuna har farcenta ya shata. Da muka hau gadar Oti a Sansanin Mango, mata suka kewaye motar da kifi soyayye, warin man ya sa ta amai ta taga. Wata tsohuwa da ke bayanmu ta dafa kafaɗarta ta ce, "Allah ya raba lafiya." Yaya ta share baki ta ce amin, tana murmushi.

Kwana biyu da isowarmu na ce mata a Dapango ba a karɓar haihuwa sai an ga mace a awo ko sau ɗaya. Ta yi ta mita, amma ta sa mayafi.

Likitar mace ce, matashiya daga kudu, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Nas ɗin da ke taya ta 'yar ƙabilar Moba ce, mai fara'a, Hausarta irin ta kasuwar Dapango, wadda mace da namiji da tukunya duk "shi" ne. Suka kwantar da Yaya, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, likita ta ɗora na'urar da suke kira eko tana zagayawa da ita. Ni ina tsaye ta wajen kai. Na saba ganin hoton nan a cikina, na san yadda kan jariri yake fitowa, na san ɗan abin nan da ke bugawa fat fat. Na duba ban ga ko ɗaya ba. Likita ta ajiye na'urar. Daga baya ta yi magana da nas cikin Faransanci, a hankali, ba ta san ina ji ba. Ta ce babu juna biyu. Ta ce ruwa ne ya cika cikin, kuma akwai wani babban ƙullutu a jakar ƙwai da ke gefen mahaifa. Ta ce a gaya wa matar sai ta tafi Lome an yi mata aiki, ba da jinkiri ba.

Nas ta juyo ta kama hannun Yaya ta ce, "Madam, ciki naka ya girma sosai. Akwai shi nan gefe, shi babba ne. Shi da ruwa da yawa. Dokte ya ce sai ka tafi Lome, a yi operasiyon, a fitar da shi maza maza."

Ba ƙarya ta yi ba, ko kalma ɗaya. Hausa ce ta yi mana rowa, ta ba mu ciki ɗaya na tuwo da na haihuwa. Yaya ta ɗago kai daga gadon, idonta ya cika da hawaye, ta dube ni ta ce, "Auta, kin ji? Shi ta ce. Namiji ne."

Na buɗe baki in gyara maganar, na fasa. Tun da nake ban taɓa ganin fuskar Yaya ta yi haske haka ba. Ta yi wa likitar mersi har sau ba adadi, likitar ta yi sororo tana kallon mace tana murna da irin wannan labari.

Na sa Yaya ta zauna a benci a waje, na koma ciki na ce wa likita ina jin Faransanci, ta gaya mini komai. Ta ce ba za a tabbatar ba sai an buɗe an auna, amma abin da ta gani ya yi kama da ciwon daji. Ta ce wannan ciwon ba ya sallama, yakan fake da kumburin ciki da saurin ƙoshi da yawan fitsari, abubuwan da kowace mace takan ce ba komai ba ne. Wadda aka gano nata tun yana cikin jakar bai fita ba, sau da yawa takan warke ta tsufa a ɗakinta. Wadda nata ya tara ruwa haka, ya riga ya yi nisa. Na tambaye ta kai tsaye ko yayata mutuwa za ta yi. Ta ce malaman da suka koyar da ita sun ce a farkon aikinsu irin wannan sai dai a zuƙe ruwan a mai da mace gida. Yanzu abin ya ɗan canja. In aka samu likitan da ya saba da aikin ya kwashe duk abin da ido ke gani, aka bi da ƙarin ruwan magani da suke kira shimiyo, a kan lokaci ba tsallake, akwai masu samun shekaru, ko da yake yakan dawo. Ta ce abin da ke hannunmu shi ne lokaci, kuma mun riga mun kashe da yawa.

Sai ta tambaye ni ko akwai wata a danginmu da ta taɓa irin wannan. Har zan ce a'a, sai Inna ta faɗo mini. Ban tuna fuskarta sosai, amma na tuna ta kwance a tabarma da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, ana turara mata hayaƙi, ana cewa sammu ne. Na gaya mata haka. Likita ta ce ni ma in zo a duba ni, in kuma gaya wa matan gidanmu.

Da la'asar na fita waje na kira Alhaji, mijin Yaya, na gaya masa duka, har da kuskuren nas. Ina jin ƙarar sara a mahauta ta cikin wayar. Ya ce, "To ki bar ta a haka. Tunda ta yarda za ta je a fitar da shi, a je a yi. In ta farka ma gaya mata."

"A yanka mace a cire mata mahaifa tana zaton ɗa za a miƙo mata?"

"In kin gaya mata ba za ta je ba. Kin san yayarki."

Na san ta. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan. In na yi shiru za ta hau mota da ƙafarta ta tafi inda za a ceci ranta, ta farka ta tarar duk mun haɗa baki mun yaudare ta. In na faɗa, tana iya komawa Komah ta zauna jiran ciki ya tashi har abin ya cinye ta.

Washegari ta ce in raka ta kasuwa. Duk watannin nan ko hular jariri ba ta saya ba don tsoron baki, yanzu kuwa likita ta faɗa, ta sami izni. Muka tsaya gaban mai robobi, ta zaɓi baho shuɗi. Ta ɗaga wasu 'yan safa ta sa yatsunta biyu a ciki tana tafiya da su a kan tebur, tana dariya, tana haki. Mai kayan ta ce Allah ya sauke ta lafiya. Ni na ɗauko bahon a ka har gida, ina jin kamar kowa a titi ya san abin da na sani.

Muna shiga ɗaki ta fara jera kayan a kan gado. Na ajiye bahon na ce, "Yaya, babu ɗa a cikin nan."

Ba ta juyo ba.

"Na ji abin da likita ta faɗa da bakinta. Ruwa ne da ƙari. Tana zaton ciwon daji ne, irin wanda ya kashe Inna. Nas ɗin nan kowa shi ne a wajenta, ke ma kai ta ce miki."

Ta ninke safar a hankali, ta ɗora a kan 'yar'uwarta. Ta ce, "Ke kika haifi naki, ba wanda ya ce ruwa ne."

"Yaya."

"Na goya ki. Na wanke kashin 'ya'yanki. Sau ɗaya Allah ya dube ni, ke ce za ki fara sa masa baki?" Muryarta ba ta tashi ba, da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta tattara kayan ta zuba a bahon. Da gari ya waye ta sa maigidana ya kai ta tasha, ko kallon inda nake ba ta yi ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ina kira ba ta ɗauka. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafi, raina yana kan abin da ke girma a Sokode. Alhaji ya ce mini Gwaggo ta ƙaro jiƙo. Ya ce Yaya ta daina sujada, a zaune take salla. Bai ce na yi laifi ba, amma ya ce, "Da yanzu an gama aikin." Na ji zafin maganar domin gaskiya ce.

Na ɗauki izni a makaranta na tafi Komah ba tare da na sanar da kowa ba. Na tarar da ita a tsakar gida, jingine da bango, an tokare ta da matasai, ƙafafunta sun kumbura. Alhaji yana zaune a kan turmi nesa kaɗan, bai je mahauta ba. Na gaishe ta ta amsa wa bango. Sai na juya kansa, domin ina neman wanda zan sauke wa abin da ke cina. Na ce, "Alhaji, kai kake kwana ɗaki ɗaya da ita. Ba ka da ido ne?"

Ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Kafin in sayi saniya nakan dafa kwiɓinta, don kada in yanka mai ciki. Tun watan azumi na dafa na ji." Ya ɗago ya dubi matarsa, ba ni ba. "Na san ba shi ba ne. Na ga kina murna na kasa. Ki yafe mini, ki tashi mu je. Ɗa ban taɓa riƙe shi ba balle in yi kewarsa. Ke na sani."

Na so in rufe shi da faɗa, tun azumi fa, amma na haɗiye. Yaya ta daɗe tana kallonsa. Ta juyo gare ni, karo na farko tun Dapango. Ta ce, "To a je a buɗe. Amma ki ji da kyau, Auta. In aka buɗe aka ga ɗa, ba ni ba ke har abada."

Na ce na yarda. Wallahi a ranar da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi a ga ɗan, ta rabu da ni ɗin.

Muka ɗauki hanyar kudu. A Langabu direba ya tsaya shan mai, Yaya ta kau da kai daga taga. Ta taho da shuɗin bahon nan, ba wanda ya iya ce mata ta bar shi. A Lome aka yi ta gwaje gwaje, aka zuƙe ruwan don ta samu numfashi, sannan aka sa ranar aiki. Tun safe aka shiga da ita, muna zaune a baranda ni da Alhaji, har aka yi azahar, har inuwa ta juya. Duk wanda ya turo ƙofar sai mu miƙe. Da likitan ya fito ya ce sun cire mahaifa da jakunkunan ƙwai biyu da duk abin da suka iya gani, kuma ciwon daji ne. Ya ce aikin ya yi kyau, amma rabi ne. Sauran rabin shimiyo ne, za a fara da zarar ɗinki ya kama, ya ba mu ranar dawowa, ya ce kada mu kuskura mu ɗaga ta.

Da ta farka ina gefenta. Ta kai hannu ta shafa cikin, ta ji ya faɗa. Ta juya kai dama, ta juya hagu, tana duban ƙasan gadon da gefensa. Ta rufe ido, hawaye yana bin kunnenta yana jiƙa matashi.

Abin da ban sani ba shi ne yadda labari ya isa Komah. Alhaji da aka dame shi da waya cewa ya yi, "An yi aiki, ita tana lafiya, ba a samu ba." Komah kuwa ta fassara da kanta. Ranar da muka dawo da ita, tun daga zaure na ji ƙamshin kunun kanwa. A tsakar gida an girka ƙatuwar tukunya a kan murhu, ruwa yana tafasa, ga ganyen wanka a jiƙe, ga itace an tara har rabin bango. Mata sun cika gidan, 'yan unguwa da dangin Alhaji da abokan cinikinta Kotokoli. Gwaggo ta taro ta, ta rungume ta tana kuka, ta zaunar da ita a kan sabuwar tabarma. Ta ce, "Mai jego ce ko da babu ɗa a hannu. Za ki yi arba'in ɗinki cif, ba fita ko ƙofar gida. Ni zan miki wankan."

Matan suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne." Addu'ar da ake yi wa uwar da jaririnta ya koma. Wata ta ce, "Kin shiga sahun iyaye, yana can yana jiran ki." Na ga yadda maganar ta sauka a jikin Yaya. Kafaɗunta suka saki. Shekara ashirin da ɗoriya ana ce mata Allah ya kawo rabo, yau ana yi mata gaisuwar uwa, kuma ba abin da ake nema a wajenta sai ta ce amin.

Ranar shimiyo kuwa tana tsakiyar arba'in ɗin. Mai jego ba ta hawa motar Lome. Mai jego gashinta ba ya zubewa. In ta karɓi gaisuwar nan, ta karɓi zaman, kuma na san Yaya, ba za ta tashi daga baya ta ƙaryata kanta a gaban Komah ba. Na dubi Alhaji, yana bakin zaure ya sunkuyar da kai. Maganar ta taho mini har maƙogwaro. Na danne ta da ƙyar, domin na riga na ƙwace mata ɗan sau ɗaya, kuma wannan karon in ba daga bakinta ya fito ba, ba zai yi amfani ba. Na tsaya riƙe da jakarta.

Mace ta gaba ta durƙusa ta yi addu'arta. Yaya ba ta amsa ba. Matar ta maimaita, ta zaci ba ta ji ba. Yaya tana kallon tukunyar da ke tafasa.

Ta ce, "Gwaggo, a sauke ruwan nan."

"Bai yi ba tukuna, 'yar nan."

"A sauke. Ban haihu ba." Ta ɗaga murya kaɗan yadda na bakin ƙofa za su ji. "Ba ɗa ba ne, ba a taɓa yin ɗa ba. Ciwon daji ne, shi aka cire, shi ya kashe Inna. Ina da randebu da likita a Lome, zan koma shan magani. Wadda ta zo gaishe ni ta ce mini sannu da jiki."

Gwaggo ta tsaya da ludayi a hannu, bakinta a buɗe. Can wata tsohuwar Kotokoli, mai sayen atamfa a wajenta, ta ce, "Sannu da jiki." Sauran suka bi, a rarrabe, kowace tana kallon ƙasa. Kafin la'asar gidan ya watse.

Na kai ta ɗaki na gyara mata matashi. Ta kwanta tana kallon rufi. Ta ce, "Da na ce amin, da yau ni uwar wani ce."

Na ce, "Da kin ce amin, da ba mu ga wata sallar da ke ba."

"Na sani. Fita ki ba ni wuri."

Ta yi shimiyo har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Gashinta ya zube ya sake fitowa fari. Ciwon ya taɓa dawowa, aka sake mata wani zagayen, yanzu tana zuwa a duba jininta lokaci lokaci, kuma duk ranar da za a karɓo sakamako ba na iya koyar da komai. Tana nan a Komah tana sayar da atamfarta. In na kira takan ɗauka, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko na je an duba ni, ta yi mini faɗa in na yi jinkiri. Amma ba ta ƙara tsokanata ba, kuma ba ta sake taka gidana na Dapango ba. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Jiya ma na kira ta, ta ce tana da masu ciniki, in kira an jima.